Sauya allon malejin mota: a gyara na asali, a ɗauko na 'yar gida, ko a dasa na wata mota?

Abin da ke sa mai mota tunanin sauya allon maleji ba ya wuce biyu: ko nasa ya lalace, ko ya ga na wata mota ya shiga ransa. Wani allurar gudu ce ta maƙale, wani lambobin ne suka dushe har ba ya iya karanta tafiyar da motar ta yi, wani kuma motarsa ƙaramin samfuri ce da ba ta zo da gejin juyin inji ba, alhali babbar 'yar'uwarta tana da shi. Sai a samu allo na hannu mai kyau, soket ɗinsa daidai da na motar, ramukan sukuru ma sun hau. A nan mutane da dama ke tafka asara, domin kama da wane ba ta wane. Soket ya shiga, amma saƙon da ke bin kowace waya a cikinsa yana iya zama daban.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai wannan tunani: ya gyara nasa ko ya nemo irinsa sak, ya ɗauko na babban samfuri daga gidan motarsa, ya dasa na wata mota da ba su haɗa komai ba, ko ya bar nasa ya ƙara wani geji a gefe. Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya, ga abubuwan da ya kamata a auna su da su.

Ta yaya motar ke aika wa allon saƙo?

Wannan ce tambayar farko, kuma shekarun motar ne ke amsa ta. A tsofaffin motoci, wata wayar ƙarfe ce ke tasowa daga giya tana juyawa har bayan maleji. Ƙa'idar motocin Amurka ita ce juyi 1,000 a kowane mil, ta motocin Japan kuma juyi 637 a kowace kilomita. Bayan nan aka koma amfani da sensa mai aika bugun lantarki. Motocin GM da yawa suna aika bugu 4,000 a mil, na Ford da yawa kuma 8,000. Idan allon da ke jiran 4,000 ya samu 8,000, allurarsa za ta nuna ninkin gudun da ake yi, lissafin tafiya ma ya riƙa ninkawa. Duk da haka, waɗannan motoci suna da sauƙin sha'ani, saboda kowane geji da wayarsa: ta mai daban, ta zafin inji daban, ta sigina daban. Mai wayarin da ya san aikinsa yana iya bin su da mitar gwajin lantarki.

Daga baya tsarin CAN ya zo, wato layin da na'urorin mota ke musayar saƙo ta cikinsa. Kamfanin Bosch ne ya fito da shi a 1986, Mercedes-Benz ta sa shi a babbar motarta W140 a 1991, kuma daga samfurin 2008 Amurka ta wajabta shi a soket ɗin binciken kowace sabuwar ƙaramar mota. A wannan tsari, wayoyi biyu ne kacal da aka murɗe tare ke ɗauke da gudu, juyin inji, zafi, giyar da ake ciki da umarnin kunna fitilun gargaɗi. Kowane saƙo yana da lambar shaidarsa, kuma kowane kamfani da nasa lambobin, ba ya kuma wallafa su. Kai, kamfani ɗaya ma yakan sauya su daga wannan zubi zuwa na gaba. Allon da bai ji lambar da ya sani ba, allurorinsa kwanciya za su yi, fitilunsa su kama gaba ɗaya.

Wane aiki allon ke yi bayan nuna lamba?

Wannan ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi komai muhimmanci. A wasu motoci, na'urar hana sata da ke tantance makulli tana cikin allon maleji ne. Haka abin yake a yawancin Golf zubi na huɗu da Audi na zamaninta, haka ma Ford Focus zubi na biyu. Ka dasa wani allo a irin wannan Golf ba tare da an haɗa shi da makulli da ƙwaƙwalwar inji ba, motar za ta tashi ta mutu nan take. A wasu kuma allon ne gadar da kwamfutar bincike ke bi ta isa sauran na'urori. Akwai ma inda ɗaya daga cikin resistoci biyu masu ohm 120 da ke rufe bakin layin CAN yake zaune a cikin allon, ta yadda cire shi ke dagula hirar inji da birki da giya.

Tsohuwar mota ma tana da nata sirrin. Ƙwan fitilar batir da ke allon ba gargaɗi kawai yake yi ba: ta cikinsa ɗan lantarkin da ke tayar da altaneta ke wucewa. Idan sabon allon ba shi da wannan hanya, ko an sa masa LED ba tare da resista ba, altaneta na iya ƙin caji ko ya jira sai an taka totur sosai. Mai mota ba zai ankara ba sai batir ya kwanta masa a hanya.

Shin allurorin gaskiya za su faɗa?

Allo ya kawo wuta, allurori sun motsa, sai a ce an dace. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Inji mai silinda huɗu yana ba da tartsatsi biyu a kowane juyi, mai shida uku, mai takwas huɗu. A motocin da gejin ke ƙirga wannan bugu kai tsaye, allon mai silinda huɗu da aka sa wa inji mai shida zai nuna 3,000 alhali injin yana kan 2,000. Allon motar fetur a kan injin dizal kuma jan layinsa yana can sama da inda injin zai iya jurewa, ga shi ba shi da fitilar hita, wadda ke nuna ɗumama injin dizal kafin a tayar.

Gejin mai ya fi wannan yaudara. Abin da ke yawo a cikin tanki yana aika saƙonsa ne ta hanyar sauyin ohm, wato ma'aunin turjiyar lantarki, kuma ba tsari ɗaya ake bi ba. Tsofaffin GM suna tafiya daga 0 idan tanki ya ƙare zuwa 90 idan ya cika. Tsofaffin Ford daga 73 suke saukowa zuwa 10. Akwai masu 240 zuwa 33, akwai masu 10 zuwa 180. Haɗa waɗanda ba su dace ba yana iya sa allura ta yi tafiyar baya, ko ta nuna saura kwata alhali tankin ya bushe.

Gudu kuwa har doka ta shigo cikinsa. Ƙa'ida ta 39 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashe da dama ke bi, ta ce kada maleji ya taɓa nuna ƙasa da gudun gaske, kuma kada ya zarce shi da fiye da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 a awa. Allon da aka tsara wa wata giya ko wani girman taya yana iya nuna ƙasa, kuma wannan shi ne kuskuren da ke da haɗari.

Ina lissafin tafiyar motar zai koma?

A yawancin motoci masu lambobin lantarki, lissafin yana ajiye ne a wata 'yar ƙwaƙwalwar ajiya da ake kira EEPROM a cikin allon, irin su 93C56 ko 93C86. Sabon allo zai zo da tafiyar motar da aka ciro shi daga jikinta. Wasu kamfanoni suna ajiye kwafi a wata na'urar: a BMW E46 da E39, idan lambar shasin da ke allon ta saɓa da wadda ke na'urar fitilu, wani ɗigo yakan bayyana kusa da lissafin, duk wanda ya san motar zai gane an taɓa. A kula da mil da kilomita ma: mil 100,000 ya kai kusan kilomita 160,900.

Ƙasashe da yawa sun ɗauki rage lissafi a matsayin zamba. Amurka tana da dokar tarayya a kai tun 1972, wadda ta ce idan an sauya maleji kuma ba a iya mai da shi kan lissafin gaskiya ba, a sa shi a sifili a manna sanarwa a jikin firam ɗin ƙofar hagu mai ɗauke da tsohon lissafi da ranar sauyi. Jamus ta mai da taɓa lissafin laifi tun 2005. Ko babu doka ma, wanda zai sayi motar gobe yana da haƙƙin sanin gaskiya, kai ma da wannan lissafin kake sanin lokacin juyen baƙin mai da sauya bel.

Sauran ma'aunai sanannu ne: kuɗi, ƙarko, wahalar aiki, da ko za a iya komawa yadda ake idan abin bai yi ba.

Hanya ta farko: gyara naka, ko nemo irinsa sak

Yawancin cututtukan allon maleji ƙanana ne. Dalmar da ke riƙe ƙafafun soket takan tsage saboda zafi da girgiza, ƙaramin moton da ke juya allura yakan gaji, siririn faifan da ke kai saƙo ga fuskar lambobi yakan saki, ƙwayayen fitila sukan mutu. Duk waɗannan mai gyaran lantarki yana iya magance su, kuma kayan ba su da tsada. Babbar ribar ita ce lissafin tafiya, makulli da saitin motar duk suna nan yadda suke, babu abin da za a haɗa da kwamfuta. Gyara mai kyau yakan daɗe, wani lokaci ma ya fi na kamfani idan an sa moto ingantacce. Abin lura ɗaya: cire allurori da mayar da su yana buƙatar hannu mai sanyi, in ba haka ba gejin zai karkace.

Idan ruwa ya shiga allon ko ya ƙone, sai a nemi mai lamba iri ɗaya da wadda ke kan sitikar bayansa, har haruffan ƙarshe. Ko shi ma, a mota mai na'urar tantance makulli a ciki, sai an kwafe bayanan tsohon zuwa sabon. Na hannu kuma yana iya zuwa da cutar da ta kashe naka, tunda shekarunsu ɗaya.

Aibin wannan hanya shi ne ba ta ƙara maka komai. Wanda ke son gejin juyin inji, ba zai samu ba.

Hanya ta biyu: allon babban samfuri daga gida ɗaya

Wannan ita ce sauyin da ya fi yawan yin nasara, kuma ita nake ba mai son ƙari shawara ya fara dubawa. Kamfanoni sukan ƙera mota ɗaya da daraja hawa-hawa, kuma sau da yawa wayarin ɗin ɗaya ne, allon ne kawai aka rage wa. A irin wannan hali, bayanan juyin inji ko na shan mai suna nan suna yawo a layin, babu mai nuna su ne kawai.

Sharuɗɗan dai suna da tsauri. Zubi ɗaya, kuma ɓangare ɗaya na zubin, domin gyaran fuskar da kamfani kan yi a tsakiyar rayuwar mota yakan zo da sauyin wayarin. Nau'in mai ɗaya, yawan silinda ɗaya, giya iri ɗaya. Allon otomatik a motar giyar hannu zai bar gurbin P, R, N, D babu komai, ko ya riƙa kukan ba ya jin giya. Allon motar da ke da na'urar hana santsi, idan an sa shi a wadda ba ta da ita, zai bar fitila a kunne har sai an saita shi da kwamfuta. Wasu abubuwan kuma sai an ƙara kaya: kwamfutar tafiya tana buƙatar maɓallinta a sandar sitiyari, gejin zafin waje yana buƙatar sensa, gejin matsin baƙin mai ba zai yi aiki da ɗan makunnin da ke kunna fitila kawai ba.

Sababbin alluna na gilashi zalla, irin mai inci 12.3 da Audi ta fara sa wa TT a 2014, sun sa mutane da yawa kwaɗayin wannan sauyi. Yana yiwuwa a wasu motocin, amma rukunin Volkswagen yana kulle irin waɗannan kaya da motar da aka fara sa su, kuma buɗewa sai ta na'urar da ke haɗe da kamfanin ta intanet. Kuɗin allon kaɗai ba shi ne kuɗin aikin ba. A tambayi mai saiti tun kafin a saya, a ji ko zai iya da abin da zai karɓa.

Ƙarkonsa daidai da na asali ne, tunda kayan kamfani ne. Idan ba a yanke waya ba, komawa baya ma abu ne na ɗan lokaci.

Hanya ta uku: allon wata mota daban

A nan dole a raba magana biyu. A motar da ta girmi CAN, aikin mai yiwuwa ne ga mai haƙuri. Za a nemo taswirar wayarin ta motocin biyu, a bi ƙafafun soket ɗaya-ɗaya, a haɗa wayar tsakani maimakon yanke ta motar, a sa na'urar daidaita bugun gudu, a sauya abin tanki da sensar zafi su dace da sabon allon, sannan a sassaƙa dashbod ya karɓe shi. Masu dasa wani inji a tsohuwar mota sukan bi wannan hanya da dalili mai ƙarfi, domin allon da ya zo da injin ya fi fahimtarsa.

A mota mai CAN kuwa, ban ga hikimar yin haka ga motar da ake hawa kullum ba. Sai an sa wata 'yar kwamfuta a tsakani tana karɓar saƙon motar tana mai da shi lambobin da baƙon allon ya sani, kuma sai wani ya zauna ya gano lambobin ɓangarorin biyu. Gudu da juyin inji ba su cika wahala ba. Fitilar jakar iska, ta ABS mai hana birki ƙullewa, ta matsin baƙin mai da ta matsalar inji su ne ake yawan bari a baya, kuma su ne ainihin dalilin da ya sa aka sa allo a gaban direba. Wasu sukan rufe fitilar da ta ƙi mutuwa da baƙin tef ko su cire ƙwanta. Wannan bai halatta ga mai ɗaukar iyalinsa a mota ba. Ranar da matsin mai ya faɗi, 'yan daƙiƙoƙi ne tsakanin gargaɗi da mutuwar inji.

Ita ce hanya mafi tsada idan aka haɗa ladan aiki, ƙarkonta ya dogara ga kyawun kowane haɗin waya, kuma duk makanikin da zai taɓa motar nan gaba zai sha wahala, tunda babu littafin da ya bayyana abin da aka yi. Darajar motar a wurin sayarwa ma takan ragu.

Hanya ta huɗu: bar naka, ƙara geji a gefe

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001 da na dizal daga 2004, suna da soket ɗin bincike da ake kira OBD mai ƙafa 16 a kusa da sitiyari. Ƙaramin allo da ake soka wa a nan, ko ɗan abin da ke aika bayanai zuwa wayar hannu, zai nuna juyin inji, gudu da ainihin zafin ruwan inji da lamba. Wannan na ƙarshen ma ya fi na allon kamfani amfani, domin allurar zafi a motoci da yawa an tsara ta ne ta tsaya a tsakiya har sai abu ya yi nisa. Kuɗinsa kaɗan, ba a kwance komai, a cire shi duk lokacin da aka so.

Yana da ɗan jinkiri, bai kai na asali kyan gani ba, kuma ƙafa ta 16 tana da wuta ko an kashe mota, don haka maras inganci yana iya tsotse batir idan motar ta daɗe a ajiye. Matsin baƙin mai ba ya cikin abin da yawancin motoci ke bayarwa ta nan, sai an sa geji mai sensarsa.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Wahalar aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gyara ko irinsa sak | Kaɗan | Mai kyau | Sauƙi | Karkacewar allura, na hannu mai tsohuwar cuta |
| Na babban samfuri | Matsakaici, na gilashi da tsada | Kamar na asali | Sai an saita da kwamfuta | Makulli ya ƙi, lissafi ya saɓa |
| Na wata mota | Mai yawa | Ya dogara ga mai aikin | Mai tsanani | Rasa fitilun gargaɗi, geji mai ƙarya |
| Ƙarin geji | Mafi ƙanƙanta | Ya dogara ga ingancinsa | Babu wahala | Shan batir, jinkiri |

Duk wanda zai taɓa allon, ya fara da ɗaukar hoton tsohon da makulli a kunne kafin a tayar da inji, yadda lissafi da dukkan fitilu za su fito. Bayan sauyi ya sake kunnawa ya ƙirga: kowace fitilar da ke cikin hoton ta kama, sannan ta mutu a lokacinta. Ya gwada gudu da GPS a hanya miƙaƙƙiya, ya duba gejin mai da tanki cike da kuma lokacin da ya yi ƙasa, ya auna batir da inji a kunne ya ga yana kusan bolt 14. A motoci da yawa, idan an cire kan batir aka auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 na soket ɗin OBD, ohm 60 ne alamar layin CAN lafiya yake. Idan aikin zai kai ga cire sitiyari, a cire batir tukuna saboda jakar iska. Tsohon allon kuma a adana shi, kada a bayar.

Wacce ta dace da wa?

Wanda allonsa ya lalace kuma motar ce abin hawansa na kullum, ya kai gyara. Idan ba ya gyaruwa, ya nemi mai lamba iri ɗaya a kwafe masa bayanai. Wanda ke shirin sayar da motar nan kusa ma nan ya kamata ya tsaya.

Wanda ke son gejin juyin inji ko kwamfutar tafiya, kuma akwai babban samfurin motarsa mai inji da giya irin nasa, ya bi hanya ta biyu, bayan ya samu mai saiti ya kuma tabbatar za a mai da lissafin kan gaskiya ko a rubuta bambancin a takardun motar.

Wanda bayanai kawai yake so, kamar mai jan kaya da ke tsoron zafin inji, ƙarin geji ya ishe shi, ba sai ya kwance dashbod ba.

Allon wata mota daban kuwa na mai tsohuwar mota ne da ya riga ya sauya inji, ko mai gina motar tsere ko ta nishaɗi, wanda ke da taswirar wayarin, da mita, da wata motar da zai hau kafin aikin ya kammala.